Ranar da Alfadarai Suka Ja Bazawara

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wanda yau ne ya fara shigowa, sunana Ovidio, ina zaune a bayan garin Santa Inés, daidai inda kwalta ta ƙare gonakin gahawa suka fara. Yayana Heriberto ya rasu watan jiya, Allah ya jiƙansa, bai bar mata ba bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne tsohuwar jif ɗinsa, wadda duk garin ke kira Bazawara saboda ta yi maza uku kafin ta zo hannunsa. Yanzu ta zama tawa. Ni kuwa ban iya tuƙi ba, ba ni da lasin, inshorarta kuma ta ƙare tun yana kwance a asibiti.

Za ku ce ta yaya mutum zai tsufa a cikin mota bai iya tuƙa ta ba. Ai a kujerar dama nake zama. Tun muna da baƙin gashi shi ke riƙe sitiyari, ni ina ɗaure buhuna, ina ba tsofaffi hannu su hau, sauran lokacin kuma ina kallon hanya. Akwai abin kallo a hanyar nan. Akwai wani dutse da ke kama da saniya idan za ka hau, idan za ka sauko sai ya koma kamar fada yana gyangyaɗi a coci. Akwai bishiyar da tsawa ta raba biyu, rabi ɗaya ya yi fure ɗayan ya ƙi, bayan wata uku su yi musaya. Heriberto yakan ce da ni ke tuƙi da tuni mun zama labari a ƙasan kwari. Bai taɓa koya mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Tun da aka gama addu'o'in makoki Bazawara take tsaye a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro. Kaji sun mai da bayanta wurin yin ƙwai. Kabewa ta miƙo daga shinge ta naɗe tayar gaba, na ƙyale ta don in ga iya inda za ta kai. Hoton Maryamu mai tsaron direbobi yana nan rataye a madubi, tare da furen robar da rana ta kodar.

To ga ainihin zancen. Hanyar da muke bi kowace Asabar tana hawa har Tudun Roble, kuma gidan ƙarshe, inda mota ke juyawa, gidan Doña Rubiela ne. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Gida ne mai shuɗin baranda, furanni a gwangwanayen madara rataye daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, da wani aku da ba ya magana sai tari irin na marigayi mijinta. Idan mun isa takan fito da rigar girki a kan doguwar rigarta mai ɗigo-ɗigo, ta kawo mana gahawa da mazarƙwaila, da wainar masara mai cuku. Heriberto ya sha tasa a tsaye yana duba taya, ni in zauna a bakin baranda. Nakan kai mata abin da na tsinta cikin mako, ayaba tagwaye, ko dutse mai rami a tsakiya, ko gashin wani tsuntsu da ba wanda ya san sunansa. Ta juya abin a hannu ta ce, "Don Ovidio, kai dai ba ka rabo da abin mamaki." Ni in ce haka ne. Iyakar zancenmu ke nan shekara da shekaru. Abin da ke raina ban taɓa faɗa ba, don kullum ina ganin akwai wata Asabar.

Ranar Laraba saƙo biyu suka shigo wayata. Na farko daga 'yata Marleny ne, wadda ke aiki a birnin Pereira tun bayan rasuwar uwarta.

"Baba na samo mai saye. Zai zo da babbar mota ya ɗora ta, ba sai an tuƙa ba, ba ruwansa da inshora. A ƙofar otal zai ajiye ta a riƙa sayar wa baƙi gahawa a bayanta. Kai kuma ka dawo wurina, na riga na gyara maka ɗaki. Don Allah kar ka tsaya tunane-tunanen nan naka."

Ta biyo shi da hoton ɗakin, gado da farin zanin gado da taga mai kallon bangon maƙwabta. Na daɗe ina kallon bangon.

Na biyun saƙon murya ne, don Doña Rubiela ba ta rubutu a waya. Ana jin akun yana tari a bayanta. Ta ce tun da jif ta daina hawa buhunan gahawarta suna jibge a ɗaki suna shan laima, ayaba ta ruɓe a gona, maganin hawan jininta ya kusa ƙarewa, gwiwoyinta kuma ba za su iya hawa babur ba. Sauran direbobin jif da ke tsayawa a dandalin gari kowa da hanyarsa, ba mai son ta Roble don ta fi cin taya. Shi ya sa ɗanta Wilmar zai zo daga birnin Cali ranar Lahadi ya tafi da ita gaba ɗaya. A ƙarshe ta ce, "Na ce bari in faɗa maka da bakina, Don Ovidio, kar ka ji a bakin mutane." Na yi ta maimaita saƙon har batir ya yi ja.

Washegari na nemi Don Gildardo a shagon gahawa na dandali. Direba ne mai lasin amma ba mota, tun da tasa ta mutu ta ƙi tashi. Matarsa ta rasu bara, daga nan ya fara shafa wa gashin bakinsa mai yana zuba turare tun da safe. Ya ce zai sayi Bazawara kuma zai riƙe hanyar Roble. Farashinsa bai kai na mai otal ba, wannan bai dame ni ba. Sai dai a nan ba a sayen jif a fili. Sai an loda ta an hau da ita tudu mafi muni a hanyarta, mai saye yana riƙe da sitiyari yana sauraren abin da za ta ce. Wanda ya sayi jif bai gwada ta a tudu ba, direbobin dandali za su yi ta tsokanarsa har ya mutu, su kuma ci gaba a wurin jana'iza. Kuma ya ce ba zai taɓa sitiyari a gaban ɗan sanda ba inshora ba, lasin ɗinsa shi ne gonarsa.

Da zan tashi ya tambaye ni ko Doña Rubiela tana yin wainar nan tata har yanzu. Ban so yadda ya murza gashin bakinsa ba. Na gane cewa in na sayar masa, shi zai riƙa juya mota a ƙofarta kowace Asabar. In kuma na ƙi, ba wanda zai juya, ita ma ba ta nan.

Na je wurin yarinyar da ke sayar da inshora kusa da coci. Ta ce na'urarsu ta ƙi tun jiya, sai Litinin. Litinin kuwa Doña Rubiela tana Cali.

Ranar Juma'a da rana ina zaune ƙarƙashin mangwaro sai alfadaran maƙwabcina suka wuce suna jan itace. Na bi su da kallo, sai wani tunani ya zo mini. Ɗan sanda yana tsayawa ne a saman gangaren da ke sauka gada. Bayan gada hanyar ƙasa ce, ba ɗan sandan da ya taɓa ɓata takalminsa a can. Abin da ake buƙata kawai a ratsa gari a haye gada. Kuma tun da nake ban taɓa ganin an tambayi mai keken alfadari lasin ba. Motar da ba a tayar ba, tana da taya huɗu, dabba na ja, me ya raba ta da keke?

Da na faɗa wa Don Gildardo sai da ya yi dariya har ya ƙware. Da ya huce ya ce shi zai ja alfadaran, don jan alfadari bai taɓa cin lasin ɗin kowa ba.

Asabar da safe na sa farar rigata da malafar zuwa coci. Na kwashe ƙwai, na warware kabewa a hankali na mai da ita kan shinge. Maƙwabcina ya ba mu alfadaran biyu, Gimbiya da Sanata. Shi Sanata ba ya motsi sai ya ga abinci, don haka Don Gildardo ya cika aljihunsa da mazarƙwaila. Muka ɗaura igiya a ƙarfen gaba. Ya cire motar daga giya, ya zaunar da ni a kujerar Heriberto, ya nuna mini ƙasa.

"Ka ga na tsakiyan nan? Shi ne birki, shi kaɗai ne naka. Sauran ko kallonsu kar ka yi."

Na tsaya na karɓi maganin Doña Rubiela a kanti, sannan muka shiga dandali, ga shi ranar kasuwa. Direbobi suka bar gahawarsu suka fito. Wani ya tambaye ni nawa litar ciyawa yau. Wani ya ce Bazawara ba ta gama takaba ba ta yi sabbin maza biyu. Na ɗaga musu malafa. Abin da ban zata ba shi ne mutanen Roble, waɗanda suka sauko da ƙafa tun asuba. Suna ganin jif ba su tambayi kowa ba suka fara loda kaya, buhun shinkafa, tukunyar gas, kaji a kwando, katifa a naɗe. Wata tsohuwa ta hau ta zauna a wurin da ta saba, ta ɗora jakarta a cinya. Asabar ce, jif ta zo, me za su tambaya. Don Gildardo ya ce madalla, an samu lodin gwaji.

A saman gangare ɗan sanda ya ɗaga hannu. Yaro ne baƙo, bai daɗe da zuwa garin ba. Ya zagaya mu, ya dubi alfadaran, ya dubi lambar mota, ya dawo ya tsaya a gefena ya nemi lasin da inshora. Na ce masa wannan keken alfadari ne.

"Kaka, keke da sitiyari?"

"Ai shi ya sa ba ya faɗawa kwata."

Tsohuwar ta leƙo ta ce masa ita kam tun da ta hau ba ta ji inji ba, in kuma yana so ya rubuta takarda ya rubuta wa Sanata. Mutanen baya suka sa baki, kowa da hujjarsa. Wani ya ce ko akwatin gawa in aka sa masa taya ba ya zama mota. Ɗan sandan ya cire hula ya sosa kai, ya sa hannu a kan murfin inji ya ji shi da sanyi. Ya mai da hularsa a kai.

"In dai ba ta yi tari ba, keke ce. Ku wuce."

Masu karatu, a nan ne zan faɗa muku wani abu game da Bazawara. Makullinta ba ya tayar da ita, sai an tura. Kowace Asabar fasinjoji ke tura ta daga dandali zuwa wannan gangaren, ta mirgino, kuma daidai inda ƙasa ta fara miƙewa kafin gada Heriberto yake murɗa makulli, ya taka na hagu, wato kuloci, ya ja sandar giya baya, ya ɗaga ƙafa. Kullum a wuri ɗaya, kusa da wani ginshiƙi mai farin fenti. Na kalli wannan abin sau nawa, Allah kaɗai ya sani.

Muka fara sauka, ina taka birki kamar yadda aka ce, alfadaran na tafiya a hankali. Rana ta faɗo kan ruwan kogi, sai na lura daga kujerar hagu kogin ba haka yake ba, ana ganin wani ɗan tsibiri mai fararen tsuntsaye da ban taɓa gani daga dama ba. Na ce ashe wannan ne Heriberto yake kallo duk shekarun nan bai taɓa faɗa mini ba. Ina cikin wannan tunani farin ginshiƙin ya zo. Ban san lokacin da hannuna ya murɗa makulli ba. Ƙafata ta taka na hagu, hannuna ya ja sanda, ƙafar ta ɗaga.

Bazawara ta yi tari. Ta sake yi, sannan ta buɗe murya gaba ɗaya, muryar da duk kwarin ya sani.

Ta zabura ta daki Sanata a baya, shi kuma ya rama ya fasa mata fitila. Kaji suka tashi, tukunyar gas ta mirgina, tsohuwar ta kira sunan Maryamu. Don Gildardo ya saki igiya ya ɗare gefen mota ya kashe makulli. Aka yi shiru, sai kogi. Na waiwaya na ga ɗan sandan yana saukowa a hankali, hannayensa a baya.

Bai yi faɗa ba. Ya ce da kunnensa ya ji keken ya zama mota. Ya ce bisa ƙa'ida sai a janye ta a kai ma'ajiya, amma motar janyewa ba ta aiki ranar kasuwa, don haka za a tura ta gefen gada ta kwana a gaban idonsa har Litinin, a kawo masa inshora da mai lasin. Ni kuma in ya sake ganina a kujerar hagu, ko da a tsakar gidana ne, ni da shi ne. Fasinjoji suka sauke kayansu ba wanda ya zage ni, suka ɗora masu nauyi a kan Gimbiya. Tsohuwar ta ce ko ba komai an rage mata hanya.

Ina tsaye ina kallon fasasshiyar fitila Don Gildardo ya zo kusa. Ya ce motar da ta yi wata guda kaji na kwana a cikinta, sannan ta tashi a hannun mutumin da bai san birki ba sai yau, ba ta buƙatar tudu. Ya ji abin da yake son ji, direbobin dandali su yi ta surutu. Ya miƙo hannu.

Ban karɓa nan take ba. Na ce akwai abu ɗaya.

"Kujerar dama ba ta cikin ciniki."

"Wa ke sayen mota ba kujera, Don Ovidio?"

"Kujerar tana nan. Ni ne a kai."

Ya murza gashin baki ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce ya san ba don dutsen nan mai kama da saniya nake son hawa ba. Ya ce ya yarda, ko ba komai na iya ɗaurin buhu, amma in sani in an isa ƙofar gidan ƙarshe kowa da bakinsa. Muka yi hannu a gaban ɗan sanda da alfadarai.

Na hau Sanata da maganin a aljihu, Don Gildardo ya ba ni sauran mazarƙwailar. Rabona da hawa dabba tun ina saurayi, cinyoyina suka gaya mini haka tun kafin rabin hanya. A kwanar da waya ke kamawa saƙon Marleny ya shigo. Wani ya tura mata hotona a sitiyari da alfadarai a gaba. "Baba ka zama abin dariya har a nan. Gobe ina zuwa da mai otal da babbar motarsa, na riga na ba shi magana." Na rubuta mata cewa na sayar, amma kafin saƙon ya tafi muka wuce kwanar.

Na isa rana ta karkata. Ba fure ko ɗaya a baranda, an sauke gwangwanayen an jera su a ƙasa don maƙwabta su ɗauka. Kwalaye ɗaure da igiya har ƙofa, kejin aku a rufe da tawul. Doña Rubiela tana naɗe kofuna a tsohuwar jarida. Ta dube ni, ta dubi Sanata, ta ce in zauna kafin in faɗi. Ta warware kofi ɗaya ta zuba mini gahawa.

Na ba ta maganin, na ba ta labari tun daga dandali. Ta yi dariya a wurin tarin, ta rufe baki da rigar girki. Na ce daga Litinin jif za ta dawo, kowace Asabar, gahawarta za ta sauka. Ta tambayi wa zai tuƙa, na faɗa mata. Ta ce ai ya zo shekaranjiya a bayan babur, da turarensa da kwalin alewa, ya yi magana mai tsawo, ta ce masa ta ji.

Ta ci gaba da naɗe kofuna. Na fara gaya mata zancen tsibirin da ake gani daga kujerar hagu. Ta ajiye jaridar.

"Ovidio." Ba ta sa Don na girmamawa ba. "Gobe Wilmar zai zo da motar haya tun daga Cali. In ce masa me? Na fasa saboda jif? Dariya zai yi ya loda kwalaye. Ka ba ni abin da zan faɗa masa."

Na cire malafa. Na juya ta a hannu. Sanata yana cin furen da ke gwangwanin ƙarshe, ba wanda ya hana shi. Na ce mata ni ba ni da mota yanzu, ban iya tuƙi ba, makarantata ba ta wuce aji uku ba, kuma 'yata tana ganin hankalina ya fara tafiya. Na ce amma tun shekarar da ta cire baƙin kayan takaba ba gahawa ke kawo ni ba. Na ce ina so in daina juyawa a ƙofar nan, in za ta yarda.

Ta ɗauki kofin da na sha ta wanke, ba ta naɗe shi ba, ta kife shi a kan taga.

"Ba zan kwance kwali ko ɗaya ba," in ji ta. "Na san ka. Yau ka faɗa, gobe ka ga wani tsuntsu ka manta. Ka kwana gidan ƙanena can ƙasa, ka wanke rigar nan ta bushe. Da safe in Wilmar ya iso, ka tsaya a nan ka faɗa masa da bakinka, yadda ka faɗa mini. In ka iya, shi zai kwance su da hannunsa."

Na ce Marleny ma tana zuwa gobe.

"To ta hawo," in ji Doña Rubiela. "Gara su ji tare."